Shekarar da Na Fesa wa Ɗana Barkono

Rahila, Dauda, da ku jikokina da kuka soma wayo, na san abin da ake gaya muku game da ni. Makon jiya ƙaramar 'yar Dauda ta dawo daga makarantar Lahadi tana kuka, wai wata yarinya ta ce mata kakarta ce matar nan da ta makantar da ɗan cikinta saboda ɓarawo. Yarinyar da ta faɗi haka ba a ma haife ta ba lokacin da abin ya faru. A bakin uwarta ta ji ke nan, uwar kuma a bakin tata uwar. Na daɗe ina haɗiye maganar nan ina cewa bakin mutane zai gaji. Ashe bai gajiya, gadonsa ake yi kamar gona. To yanzu ciwon gwiwa ya zaunar da ni, amma hannuna bai mutu ba, zan rubuta muku da kaina. Ba wanda ya makance. Yayanku Iliya yana can Mararaban Rido yana walda da idanunsa biyu. Amma cewa na fesa masa barkono a fuska a gaban mutane, wannan gaskiya ne, na yi. Ku karanta ku ji yadda aka yi.

A lokacin ina aikin nas a wani ɗan asibitin ƙauye a kan hanyar Godogodo. Ɗaki biyu ne da gado huɗu, kuma ni kaɗai ke karɓar haihuwa a ƙauyukan da ke kewaye da wurin. Kullum da safe in hau mashin daga Kafanchan, da yamma in dawo. A shekarar nan hanya ta lalace, ba kuwa ramuka nake nufi ba. Ana tare mata masu dawowa daga kasuwa a ƙwace musu kuɗin citta, ana sauke maza daga kan mashin a gudu da mashin ɗin. Wata malamar firamare aka ja ta cikin masara da rana tsaka. Ni aka kawo wa ita. Ni na wanke ta, ni na ɗinke ta, kuma har ta bar asibitin ba ta yarda ta dubi fuskata ba. Daga wannan ranar ne gidanmu ya rasa zaman lafiya a kan aikina.

Wata Lahadi bayan an tashi daga coci muna zaune a gindin mangwaro muna shan faten acca, babanku ya ajiye cokali. Kun san halinsa, tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa, ba ya magana sai ya auna ta sau uku.

"Maman Iliya, ki ajiye aikin nan haka," ya ce. "Saura shekara uku ki yi ritaya. Me ya rage?"

"Matan da za su haihu cikin shekara ukun fa?" na ce. "In ce musu su riƙe cikin sai hanya ta gyaru?"

Iliya ya tashi ya shiga ɗakinsa. Lokacin ya kusa talatin, yana da shagon walda a bakin titi, kuma yana cikin manyan 'yan sintirin unguwarmu. Ya dawo ya ajiye wata wuƙa a kan tabarma a gabana, sabuwa, da kubenta na fata.

"In ba za ki bari ba, ki riƙe wannan," ya ce. "Akwai kuma wani maƙeri da na sani, yana yin 'yar ƙaramar bindiga, za ta shiga jakarki."

"Iliya, ka san sau nawa na ɗinke abin da wuƙa ta yi wa mutum? Ka san irin ƙarar da huhu ke yi in an huda shi? Da safe in karɓi jariri da hannun nan, da yamma in farke cikin ɗan wata da shi? Ɗauke min abin nan."

"To sai su kashe ki ke nan, mu kuma mu yi waƙa mu binne ki."

Haka aka watse ba wanda ya ƙarasa fatensa. Ke Rahila ce kika raba gardamar, ko da yake ba ki san abin da kike kawowa gidan ba. Kin zo hutu daga Abuja kika miƙo min wani ɗan baƙin gwangwani da bai wuce tsawon yatsa ba, kamar na turare. Kika ce feshin barkono ne, matan ofis ɗinku duk suna riƙewa, ba ya kisa, sai dai ya rufe wa mutum ido ya ba ki damar gudu. Iliya ya juya shi a hannu ya yi dariya ya ce maganin sauro aka kawo wa Mama ta yi yaƙi da shi. Ni kuwa ba na ba majinyaci maganin da ban san aikinsa ba. Washegari na zaga bayan gida na danna shi sau ɗaya in ga inda yake kaiwa, ban lura da inda iska ke kaɗawa ba. Iska kuwa ta mayar min da kayana. Na zube a ƙasa ina tari, majina da hawaye, ido kamar an zuba garwashi. Babanku ya fito da gudu, da ya gane abin da ya faru ya fara dariya, sai ragowar ya same shi, muka durƙusa mu biyu a gaban bokiti ɗaya. Amma na koyi abin da nake son koyo. Na san da idona cewa azabarsa ta gaske ce, na kuma san cewa in an sa ruwa da yawa ba a murza ba, kafin tuwo ya nuna mutum ya buɗe ido yana gani. Ku riƙe wannan, don wanda bai san shi ba zai ce hauka na yi daga baya.

Tun daga nan ban taɓa sa shi a jaka ba. Abin da ke cikin jaka na wanda ya fizge jakar ne. A hannun dama nake riƙe shi, naɗe cikin hankici, babban yatsa a kan murfin. Wata bakwai ina yawo da shi haka, kowa na tsammanin gumi nake sharewa.

Ranar da abin ya faru Alhamis ce, cikin damina, masara ta fi mutum tsawo. Mai mashin ɗin da ya saba ɗauko ni bai zo ba, na tsaya a bakin hanya har wajen ƙarfe uku da rabi, sai na tare wani da ban sani ba. Saurayi ne siriri, ya gaishe ni da ladabi, har da "sannu da aiki, Mama". Mun yi tafiya lafiya har muka hango rufin gidajen unguwarmu. Daidai nan ya karkata ya shiga wata 'yar hanya tsakanin gonaki.

"Ina za ka?" na ce.

"Yanke ne, Mama. Akwai sojoji a gaba, suna ɓata lokaci."

A unguwar nan na yi aure, a nan na haife ku duka, na san babu wani yanke a wurin sai rafi. Na ce ya tsaya. Ya ƙara wuta. Sai da masara ta rufe mu sannan ya taka burki, ya sauko da wuƙa a hannu. Na miƙa masa jakar da kaina, na ce ya ɗauka ya tafi. Ya karɓa ya jefar gefe, ya damƙi wuyan rigata yana ja na cikin gonar. Nan na tuna fuskar malamar nan. Na ɗaga hannun hagu in kare kaina, wuƙar ta tsaga ni daga gwiwar hannu zuwa kusa da wuyan hannu, tabon da kuke gani har yau. Na ɗaga na dama na danna masa a tsakiyar fuska, ban saki ba sai da ya sake ni. Ya faɗi yana birgima yana ihu, yana cusa ƙasa a idonsa. Ni kuwa na ruga ina kururuwa, takalmi ɗaya a ƙafa.

Akwai mata suna cire ciyawa a gonar citta kusa da wurin, cikinsu har da maƙwabciyarmu Saratu, matar Ayuba mai gyaran keke. Su suka tare ni, Saratu ta cire ɗankwalinta ta ɗaure min hannu. Kafin in dawo hayyacina labari ya shiga unguwa cewa an sare Mama Nas. Samari suka ɓullo ta ko'ina da sanduna da adduna. Suka shiga masarar suka jawo shi a ƙasa har bakin titi, suna duka. Bai iya ko kare kansa, don ba ya gani. Na ji wani yana cewa, "Nasu ne! Ku ji Hausarsa, nasu ne!" Wani ya ce a kawo taya. Ba zan yi muku ƙarya in ce mutanen nan dabbobi ne ba. A shekarun nan na rikicin addini da ƙabilanci babu gidan da bai yi makoki ba, kowa yana yawo da gawa a zuciyarsa. Wasunsu ma ni na yanke musu cibi a ɗakin iyayensu. Amma da idona na ga an ɗaga tsohuwar tayar mota an zura masa a wuya, na kuma ga taron ya dare an ba wani hanya. Iliya ne, da tabarau ɗin walda a goshinsa, da jarkar fetur a hannu.

Ban san lokacin da na ƙwace daga hannun matan ba. Na kutsa na zauna daɓas a ƙasa jikin mutumin, na riƙe tayar da hannuna mai jini.

"Iliya, ajiye jarkar nan."

"Mama, matsa."

"Na ce ka ajiye."

"Dubi hannunki! Dubi rigarki! Me yake so ya yi miki a cikin masara? Faɗa wa mutane!"

"Na san abin da ya so ya yi. Bai samu ba. Ga shi nan kwance, ba ya iya cutar ko kaza. A kira 'yan sanda."

Jama'a suka yi min ihu. Wani ya ce 'yan sanda za su sake shi kafin Lahadi. Wata mata, mace 'yar'uwata, ta ce a janye tsohuwar nan, tsoro ya taɓa mata kai. Iliya ya kwance murfin jarkar. Idonsa ya yi ja, ban taɓa ganin fuskarsa haka ba, ko kallona ba ya yi. Ya karkata jarkar, fetur ya fara zuba a ƙafafun mutumin har ya jiƙa min bakin zane. A bayansa na hango wani yana gwada laita da babban yatsa. Gwangwanin yana nan a hannuna, ban sake shi ba tun cikin gona. Na kira sunan ɗana sau ɗaya kuma. Bai tsaya ba. Na miƙe a kan gwiwa na fesa masa.

Jarkar ta faɗi. Ya dafe fuska ya durƙusa yana tari, yana kiran "Mama, Mama" da irin muryar da yake kira na da ita yana ɗan shekara biyar in zazzaɓi ya kama shi. Na ɗaga gwangwanin sama na ce, "Akwai saura. Wanda na fesa wa yanzu ni na haife shi, to ku lissafa abin da zan yi wa ɗan wata." Mai laitar ya mayar da ita aljihu.

Ga inda masu ba da labari suka fi jin daɗin ƙarya. Suna cewa na bar ɗana yana birgima na zauna ina wanke wa ɓarawo ido. Ban wanke idon kowa ba. Na ƙwala wa Saratu kira na ce ta kawo ruwan da suka zo da shi gona, ta yi ta zuba wa Iliya, kada ta bar shi ya murza. Ita ta yi, Allah ya saka mata. Ni ban motsa daga inda nake ba, domin na san in na ɗaga jikina taku biyu, kafin in waiwayo wuta ta tashi. Kowane kira da Iliya ya yi sai da ya ratsa ni, amma na zauna. Can sai ga babanku yana tahowa da tafiyarsa ta hankali. Bai tambayi kowa komai ba. Ya ɗauki jarkar ya tsiyaye sauran fetur ɗin a kwata, ya cire tayar daga wuyan mutumin ya gangara da ita cikin ciyawa, sannan ya zo ya tsaya a kaina ya harɗe hannu. Haka muka zauna har motar 'yan sanda ta iso, rana ta fara sanyi.

Abin da ya biyo baya shi ne har yau in na tuna raina ke ɓaci. A ofishin 'yan sanda, wuƙar da aka yanke ni da ita ta ɓace tun a hanya, ba wanda ya san inda ta shiga. Gwangwanina ne aka ɗaura wa takarda aka ajiye a kan tebur. Wani ɗan sanda mai igiya uku ya dube ni, da jini a rigata, ya tambaye ni wa ya ba ni izinin yawo da makami. Na ce masa ya nuna min ofishin da shi wancan ya karɓi izinin yawo da wuƙa, in je can in karɓi nawa. A nan na ji sunan mutumin. Ba zan rubuta shi ba, amma ku sani suna ne da ake raɗa wa yaro a coci, ake kuma raɗa shi a masallaci. Har yau ban san ko na wane ɓangare ne ba, waɗanda suka rantse nasu ne su ma ba su sani ba. Sau uku ina zuwa kotu da kuɗin motata, sau uku ana ɗage shari'ar. A na huɗu magatakarda ya ce min an ba da belinsa, bai kuma sake dawowa ba. Ya faɗa min haka yana cin gyaɗa.

Bayan wata biyu aka tare Ayuba mijin Saratu a kan wannan hanyar, yana dawowa daga sayen kayan keke. Aka sare shi aka tafi da mashin ɗinsa, ya cika kafin a kai shi asibiti. Waɗanda suka hango daga nesa sun ce mutum uku ne, ba wanda ya ga fuska. Amma kafin a sauke gawar daga mota unguwa ta riga ta yanke hukunci: wanda Mama Nas ta hana a ƙone ne ya dawo. Da safe ina shara na ɗaga kai na ga Saratu tsaye a ƙofar gidanmu, ba ɗankwali, idonta a bushe.

"Mama Nas," ta ce, "ni na wanke idon ɗanki. Zo ki wanke min gawar mijina."

Na ajiye tsintsiya na bi ta. Na wanke shi, na ɗinke inda ya kamata a ɗinke don 'ya'yansa su iya kallonsa. Da na fito na zauna a benci wurin makoki, matan da ke kai suka tashi ɗaya bayan ɗaya suka koma tabarma. Saratu ba na jin haushinta, ko a ranar ko yau. Mai sabon rashi dole ya sami inda zai ajiye zafinsa, ni ce kuma mafi kusa. Waɗanda nake jin haushi su ne masu cikakken hankali da suka san inda ofishin 'yan sanda yake, suka san inda kotu take, ba wanda ya taka ya je ya tambayi wa ya sa hannu aka saki mutumin. Can akwai bindiga a bakin ƙofa. Ƙofata kuwa labule ne kawai.

Ba a yi mako biyu ba dattawan ekklisiya suka kira ni. Shekara tara ina shugabar zumuntar mata a cocin nan. Fastonmu na lokacin yaro ne mai kirki, amma kansa na ƙasa tun da na shiga har na fita. Dattijo Markus ne ya yi magana, wanda ya fi kowa daɗewa a kujerar. Ya ce zukata sun yi zafi, samari sun ce ba za su ƙara fita sintiri ba tunda ana wulaƙanta su a gaban ɓarayi. Don haka an ga ya dace in sauka daga shugabanci, kuma ranar Lahadi in fito gaban jama'a in roƙi gafarar samari da ta ɗana.

"Gafarar me, Baba?" na ce.

"Kin kunyata su. Kin kuma ga abin da ya biyo baya."

"Da an ƙone shi fa, wa za ku kira nan ya roƙi gafara?"

Na bi su da kallo ɗaya bayan ɗaya, na ci gaba.

"Ina tambaya ne. Da Iliya ya ƙone mutum da rai a bakin titi, ranar Lahadi za ku miƙa masa jibin Ubangiji ko ba za ku miƙa ba? Za ku miƙa. Kowa zai yi kamar bai gani ba. Shekara nawa kuna tsayawa a kan bagadin can kuna koya mana jinƙai? Ashe na wa'azi ne kawai, in mutum ya ɗauka da gaske sai a kira shi gaban kwamiti? Kujerar ku karɓa, ba da ita aka haife ni ba. Amma gwiwata ba za ta taɓa ƙasa a kan wannan ba."

Na cire makullin ɗakin zumunta daga bakin zanena na ajiye musu a tebur. Lahadin da ta biyo na je coci kamar kullum, na zauna a bencin baya, kuma a can nake zama har yau ko da yake tuni an manta abin da ya fara mayar da ni wurin.

Na waje mai sauƙi ne. A cikin gida ne abin ya ci ni. Iliya ya daina cin abincina. In na shigo tsakar gida ya fita. Duk inda ya bi a gari ana yi masa tari na tsokana, wasu su dafe ido suna kiran "Mama". Bayan kwanaki, wata rana muna ɓarar gyaɗa babanku ya ce min, "Abin da kika yi daidai ne, ko gaban wa zan faɗa. Amma yaron nan don ke ya ɗauko jarkar. Ki je ki same shi." Na je. Na same shi a shago yana ɗaure injin waldarsa a bayan wata mota.

"Ina za ka da kaya?" na ce.

"Mararaban Rido. Wani abokina ya samo min wuri."

"Iliya, na ji zafin abin da na yi maka. Har yanzu ina ji."

"To ki ce kin yi kuskure."

"Ban yi ba."

"Ina kiranki, Mama. Ina ƙasa ina kiranki, ba na gani. Kina jina kika zauna wurinsa."

"Ina jinka."

Ya jira in ƙara wani abu. Na so in ce masa ba wancan mutumin na zauna gadi ba, shi na zauna gadi, amma na san a ranar ba zai ji ba. Ya ja igiyar ya ƙulle, ya shiga gaban mota. Shekara huɗu bai taka gidan nan ba. Ya yi aure can, sai a hoto na ga matar. Ya haifi ɗan fari, sai ke Rahila kika gaya min sunan. Rasuwar babanku ce ta dawo da shi, kuma babanku ya tafi bai ƙara ganin mu biyu a kan tabarma ɗaya ba. Wannan shi ne abin da na biya, kuma ba ni kaɗai na biya ba.

Na ƙarasa shekaruna uku a asibitin nan. Na sa aka sake sayo min wani gwangwanin, na ci gaba da riƙe shi cikin hankici, ban kuma sake buƙatar danna shi ba. Game da Ayuba, kada ku ɗauka ban taɓa tambayar kaina ba. Na tambaya fiye da yadda duk unguwar nan ta tambaya. Mai yiwuwa mutumin nan yana cikin ukun, mai yiwuwa kuma yana wata jiha a ranar. Ban sani ba, ba zan kuma taɓa sani ba, da wannan rashin sanin zan shiga kabari. Duk shekara in an girbe masara ina aika wa Saratu rabonta ta hannun Dauda. Shekara biyu ta farko ta mayar, yanzu tana karɓa, muna gaisawa a bakin famfo, iyakarmu ke nan.

Iliya yana zuwa yanzu duk Kirsimeti da matarsa da yara uku. Bara ya canja min ƙofar gida da ta ƙarfe, ya yi ta da hannunsa, bai bar kowa ya taya shi ba. Yana cin abincina, yana tambayar gwiwata. Maganar ranar nan ba mu taɓa tayar da ita ba. Bai ce na yi daidai ba, ni ma ban nemi ya ce ba. Amma ina zaune ina kallonsa yana ɗaga 'yarsa sama yana cafewa, yarinyar na ƙyalƙyala dariya, na san hannuwan nan ba su taɓa ƙone mutum ba. Yaransa za su girma ba wanda zai nuna su a kasuwa ya ce ga 'ya'yan wanda ya cinna wa mutum wuta. Ni na tsaya aka sami haka, da ɗan gwangwani da jini a hannu, duk unguwa na zagina. Wanda yake jiran in roƙi gafara a kan wannan, ya nemi kujera ya zauna.